Birkin Baya na Tsohon Babur: Tambayoyi da Amsoshi Kan Cire Iska da Gano Matsala

Birkin baya shi ne ɗan bora a jikin babur. Na gaba ake dubawa, shi ake canja wa fad (abin da ke matse faifan birki) a kan kari. Na baya kuwa yana can ƙasa kusa da salansa, yana shan ƙura da laka da zafi, ba mai tunawa da shi sai ranar da aka taka aka ji feda ta tafi ƙasa fayau. A nan sai kowa ya ce iska ce, a kawo man birki a yi ta famfo. Wani lokaci iskar ce. Amma a manyan baburan nan 'yan Kwatano da suka haura shekara talatin a duniya, iska sau da yawa alama ce kawai, ciwon yana wani wuri. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan, da abin da nake amsawa.

Kowane babur ne ake cire wa iska a birkin baya?

A'a. Leƙa tayar baya. Idan ka ga wani dogon ƙarfe siriri ya taso daga feda ya tafi cibiyar taya, da noti a ƙarshensa, birkinka na duram ne, babu mai a cikinsa balle iska. Haka Bajaj Boxer take, haka Jincheng, haka tsohuwar Honda CG125. Maganarsu tana can wajen ƙarshen rubutun nan.

Idan kuwa ka ga faifan ƙarfe a gefen taya, da wani dunƙulen ƙarfe da ya cije shi, da tiyo baƙi ya fito daga jikinsa, to naka na mai ne. Dunƙulen nan shi ne kalifa. Famfon da feda take turawa shi ne masta. Ɗan kofin roba da ake zuba mai a ciki yawanci yana ɓoye bayan murfin gefe ko ƙarƙashin kujera. Irin wannan birki ya fara yawaita a bayan manyan baburan Japan tun tsakiyar shekarun 1970. Honda CB750 ta 1969 faifai gare ta a gaba kaɗai, bayanta duram. A 1975 ne CB750F ta zo da faifai a baya, ita da Gold Wing GL1000. Ka ga ke nan akwai masta da kalifa da suke kan titi yau da suka girmi masu hawansu.

Me iska take yi wa birki har ake tsoronta haka?

Mai ba ya matsuwa. Idan ka tura shi ta wannan kai, dole ya tura abin da ke ɗaya kan. Iska kuwa tana matsuwa kamar soso. In ta shiga tiyo, takun da ka yi sai ya ƙare wajen matse ta, fistin ɗin kalifa bai ko motsa ba. Alamarta ita ce feda mai laushi, wadda in ka tattaka sau huɗu ko biyar da sauri sai ta ɗan yi tauri, in ka bar ta minti ɗaya ta koma gidan jiya.

Abu ɗaya nake so ka riƙe, domin duk sauran amsoshin a kansa suke: iska sama take hawa. Ba ta bin mai zuwa ƙasa don ka so. Duk inda tiyo ya yi tudu, ko noti ya fi sauran wuri tsayi, can take zuwa ta kwanta.

Wane man birki zan zuba?

Wanda aka rubuta a murfin kofin. Goge shi da kyau, za ka ga DOT 3 ko DOT 4 a mafi yawan baburan Japan da na Turai. DOT ɗin nan taƙaicen sunan ma'aikatar sufuri ta Amurka ne, ita ta kafa ma'aunin. Sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 ba, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 kuma 260. Waɗannan ukun 'yan gida ɗaya ne, suna haɗuwa da juna, don haka babur ɗin da aka rubuta masa DOT 3 za ka iya ba shi DOT 4.

Bare a cikinsu shi ne DOT 5, wanda babu ɗigo ɗaya a bayansa. Na silikon ne, launinsa shunayya, kuma ba ya gauraya da sauran. Harley-Davidson da yawa na shekarun 1980 da 1990 da shi suka fito. Kada lamba ta ruɗe ka ka ce biyar ta fi huɗu. In aka haɗa su, mai ya ɓaci, sai an kwance komai an wanke.

Sannan a guji man da aka ɗura a gorar ruwa ana sayarwa a buɗe, ko ragowar kwalba da ta shekara a kan kanta. Man birki mayen ruwa ne, daga iska ma yana zuƙe damshi. In ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 4 ɗin nan mai 230 sai ya sauko wajen 155, DOT 3 ya sauko 140. Shi ya sa ake cewa a canja shi duk shekara biyu ko da babur ɗin yana jingine. Sayi ƙaramar kwalba mai hatimi, ka buɗe da hannunka. Batun zuba baƙin mai ko man giya ko man sitiyari kuwa, ko da wasa kada a yi. Robobin ciki za su kumbura su lalace gaba ɗaya.

To yaya ake cire iskar a sauƙaƙe?

Kana buƙatar sifana mai zobe daidai da nipul, wato ɗan notin nan mai huda da ke jikin kalifa (yawanci lamba 8 ne), da siririn tiyo mai gani-har-hanji wanda zai kama kan nipul gam, da kwalba, da tsumma, da bokitin ruwa a kusa. Ruwan saboda fenti ne. Man birki yana cin fenti, in ya ɗiga a wanke nan take.

Kafa babur a tsaye a wuri mai daidai. Goge bakin kofi kafin ka buɗe don kada ƙasa ta faɗa. In man da ke ciki ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana, zuƙe shi da sirinji, ka goge dattin ƙasan kofin, ka zuba sabo. Babu amfanin tura tsohon datti ya bi ta cikin masta. Sa sifana a kan nipul tukuna, sannan ka sa tiyo, ɗaya kan ya nutse cikin ɗan mai a kwalba.

Sai ka danna feda a hankali ka riƙe. Buɗe nipul kamar rubu'in juyi, mai zai fito, feda ta sauka. Rufe nipul kafin ka saki feda. Wannan shi ne duk sirrin: a rufe, sannan a saki. In ka saki feda alhali nipul yana buɗe, ka mayar da iskar da ka fitar. Jira daƙiƙa biyu ko uku masta ta sha mai, ka sake. Ka yi ta yi har man da ke bin tiyo ya zama garau babu kumfa. Birkin baya yana da sauƙi ɗaya, mutum guda yana iya danna feda da hannu ɗaya ya juya sifana da ɗayan.

Kofin baya ƙarami ne ƙwarai. Famfo shida ko bakwai ya isa ya ƙare shi, in kuwa ya ƙafe ka shigar da sabuwar iska, aiki ya dawo farko. Idonka ya zauna a kansa.

Gargaɗi ga mai tsohuwar masta: kada ka tura feda har ƙarshenta. Shekara da shekaru fistin ɗin yana kai-komo a ɗan taƙaitaccen wuri, gaban wurin kuwa tsatsa da datti sun taru. In ka tura robar ta bi ta kansu sai ta yage, ka shigo da masta mai aiki ka fita da matacciya. Rabin tafiya ya isa. In an gama, a ɗaure nipul daidai wa daida, abu ne mai rami a ciki, ƙarfi kaɗan yake so.

Oga, na fi awa ɗaya ina famfo, mai ya ƙi fitowa sam. Me ke faruwa?

Wannan yakan faru bayan an kwance masta ko an canja tiyo, komai ya bushe. Mastar baya 'yar ƙarama ce, abin da take turawa a taku ɗaya bai taka kara ya karya ba. In cikinta iska ce zalla, sai ta matse iskar ta sake ta, ta matse ta sake ta, har gobe.

Fara da tabbatar da cewa mai yana isa masta. Tsakanin kofi da masta akwai gajeren tiyo, yakan lanƙwashe ko ya toshe. Matsa shi da yatsa ka ga ko kumfa zai taso a kofi. Daga nan sai ka kwance notin da ya ɗaure babban tiyo a bakin masta, ka toshe ramin da yatsa. Danna feda, ka ɗan sassauta yatsa iska ta fita, ka toshe, ka saki feda. Bayan 'yan lokuta za ka ji mai yana ture yatsanka. Masta ta kama ke nan. Mayar da noti da sauri, ka nannaɗe shi da tsumma, ka cire iska a wurinsa kamar yadda ake yi a nipul: danna, sassauta noti, ɗaure, saki. Sannan ka koma kalifa.

Notin nan yana da zobban jan ƙarfe guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sau ɗaya ake amfani da su a ƙa'ida, domin matsewar da suka yi ita ce toshewarsu. Sa sababbi.

In duk da haka masta ta ƙi ture yatsa, to robobin cikinta sun mutu, ko an mayar da su a juye. Leɓen robar yana kallon wajen da mai yake fita ne. Na sha ganin wanda ya sayi sabbin robobi ya sa su bai-bai, ya wuni yana zagin kayan.

Mai yana fitowa garau, babu kumfa, amma feda har yanzu laushi gare ta.

Nan ne mutane suke ƙarar da kwalba biyu a banza. Iskar tana nan, ta samu tudu ta kwanta, mai yana wucewa ta ƙarƙashinta.

Tsuguna ka dubi inda nipul yake. Shi ne wuri mafi tsayi a jikin kalifa? A babura da yawa ba haka ba ne. Akwai waɗanda kalifarsu a rataye take ƙarƙashin faifai, kamar Suzuki Bandit ta shekarun 1990, akwai waɗanda tiyonsu ya hau sama ya yi baka kafin ya sauko. Maganin shi ne a kwance kalifa daga mazauninta, tiyo yana jikinta, a ɗaga ta sama da masta, a juya ta yadda nipul zai kalli sama. Sa wani ƙarfe ko katako mai kaurin faifai tsakanin fad biyu don kada fistin ya fito waje. Ƙwanƙwasa jikin kalifa da tiyo da ƙotar sukudireba, kumfan da suka manne su saki. Sai ka cire iska a haka. Sau da yawa a buɗewa ta biyu ko ta uku za ka ga ƙaton kumfa ya wuce, feda ta yi tauri nan take.

Duba kuma ko kalifarka nipul biyu gare ta. Masu fistin biyu da ke kallon juna sukan zo da ɗaya kowane gefe, na cikin yana ɓoye ta wajen taya. Dukansu ake yi.

In an yi duk wannan laushi bai tafi ba, kama tiyo da hannu wani ya taka feda. In ka ji yana kumbura a tafinka, tiyon ne ya gaji, ƙarfin takunka yana tafiya wajen hura shi. Littattafan Yamaha da yawa cewa suke a canja tiyon birki duk shekara huɗu. Wanda ke jikin babur ɗinka wataƙila tun na kamfani ne.

Ana cewa a tura mai da sirinji daga ƙasa. Yana aiki?

Yana aiki, kuma ni shi na fi so in komai ya bushe. Tunda iska sama take so, sai a bi ta da abin da take so. Samu babbar sirinji sabuwa, ka cika ta da sabon mai, ka haɗa ta da nipul da ɗan tiyo. Fitar da iskar da ke cikin sirinjin da tiyon tukuna. Rage man kofi, buɗe nipul, ka tura a hankali. Za ka ga kumfa yana ɓulɓulowa a kofi. Kula kada ya cika ya zube.

Sharaɗi biyu ne. Kalifa ta kasance mai tsabta a ciki, in ba haka ba dattinta za ka kora cikin masta. Kuma feda ta kasance a sake gaba ɗaya. In ka tura sirinji ka ji kamar bango, mai ya ƙi hawa, kada ka yi ta ƙarfi. Ka gano wani ciwo ne, karanta amsar birki mai riƙewa.

Wai a rataya wa feda nauyi ta kwana?

Ana yi, kuma da safe feda takan fi tauri. Ba laifi a gwada bayan an gama aiki. Amma in bayan kwana biyu laushi ya dawo, dabarar ba ta warkar da komai ba.

Feda tana da tauri, amma in na danne na riƙe sai ta riƙa nutsewa sannu a hankali.

Wannan ba iska ba ce, kada ka ɓata mai. Ko dai akwai yoyo, ko mai yana zillewa ta gefen robar masta yana komawa kofi. Bi layin da busasshen yatsa: notin tiyo, jikin tiyo, bayan fad, da ƙarƙashin robar da ta rufe sandar da ke shiga masta. In ka ɗaga robar ka ga jiƙe, masta ce. In ko'ina a bushe yake, man kofi kuma bai ragu ba, har ila yau masta ce, yoyon na ciki ne.

Kwance ta ka haska cikin ramin da fitila. In sumul yake, sabbin robobi sun isa. In tsatsa ta ci shi ta bar ƙananan ramuka, sabuwar roba ba za ta yi wata guda ba, nemi wata mastar.

Birkina yana riƙewa. Da safe lafiya lau, in na yi tafiya kaɗan sai babur ya yi nauyi, faifai ya yi zafi kamar wuta.

Wannan ya fi laushin feda haɗari, domin yana iya kulle taya kana cikin gudu. In ka ji haka, sauka gefe.

A cikin masta akwai ramuka biyu da suka haɗa ta da kofi. Ɗaya babba, ɗaya ƙanƙane kamar tsinin allura. Ƙaramin nan shi ne ƙofar da mai yake komawa in ka saki feda. In ya toshe, mai ya shiga kalifa ba hanyar dawowa. Fad ya riƙa gogar faifai, zafi ya taso, mai ya kumbura, fad ya ƙara matsewa, zafi ya ƙaru. Haka abin yake ciyar da kansa har taya ta tsaya cak. In ya huce sai ya saki, mai babur ya ce aljanu ne.

Abu biyu ke toshe shi. Na farko dattin tsohon mai. Ana buɗe shi da siririyar waya, kamar sili ɗaya na wayar lantarki, a hankali ba tare da an faɗaɗa ramin ba. Na biyu gyaran feda. Wani yana so fedarsa ta kama da wuri sai ya ƙara tsawon sandar da ke tura fistin, fistin ya kasa komawa mazauninsa, robar ta zauna a kan ramin. Dole feda ta sami ɗan wasa kafin ta fara tura fistin. Haka ma in ƙarfen da feda take juyawa a kai ya yi tsatsa, ko sifirin ɗinta ya saki, ba ta dawowa sama sosai. Ɗaga ta da yatsan ƙafa ka gani. Kofin da aka cika maƙil ba sarari shi ma yana jawo haka.

Ga yadda ake rarrabewa. Lokacin da birkin ya riƙe, sassauta notin tiyo a bakin masta. In mai ya yi tsartuwa taya ta saki, laifin masta ne ko feda. In bai saki ba, ɗaure, ka buɗe nipul. In ya saki a nan, tiyo ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya tafi ba ya barin ya dawo. In nan ma bai saki ba, kalifa ce ta cije. Yi hankali, man yana da zafi.

In kalifar ce, wanke ta zan yi da fetur?

Kada fetur ko kananzir ko gas ya taɓa robar birki. Haka giris na yau da kullum. Ana wanke ƙarfen da ruwan sabulu ko feshin wanke birki, a busar sarai, a shafa wa roba da fistin sabon man birki ko jan giris na musamman da aka yi don roba.

Fitar da fistin tun tiyo yana haɗe, ka yi ta danna feda har ya turo kansa. Ya fi sauƙi da aminci a kan kama shi da filaya, wadda take barin tabo a jikinsa. Kalifa ba ta da sifirin da ke mayar da fistin. Robar nan mai kusurwa huɗu da ke zagaye da shi ita ce take ɗan lanƙwasa in an taka, ta ja shi baya in an saki. Ciro ta ka dubi kwarin da take zaune. Za ka tarar da wani farin gari ya daskare a ciki, tsatsar alminiyom ce, ita take turo robar ta shaƙe fistin. Kankare shi tas da abin da ba zai ƙarci ƙarfen ba. Wanda ya sa sabuwar roba a kan wannan garin bai yi komai ba.

In kalifarka mai fistin a gefe ɗaya ce, tana zamewa ne a kan ƙarafa biyu. Su ma sukan bushe su kafe. Alamar ita ce fad ɗaya ya cinye, ɗayan yana nan kamar sabo.

Nipul ya ƙi kwancewa.

Kada ka sa sifana mai baki, kada ka sa ƙarfi. Goge tsatsar, fesa man sassauta noti, ka bar shi ya kwana. Ɗan bubbuga kansa da ƙaramar guduma, ka sa soket mai kusurwa shida, ka gwada ɗaurewa kaɗan kafin kwancewa. Ɗumama jikin kalifa yana taimakawa, amma in za a sa wuta sosai sai an cire robobi. In ya karye a rufe kuma ba ya yoyo, ana iya lallaɓawa a cire iska ta notin tiyo, a juya kalifa notin ya zama shi ne sama, kafin a kai wa mai injin huda. In ka samu ya fito, duba ramin cikinsa, laka takan toshe shi. 'Yar hular robar da ake sa masa ba ado ba ce.

Ina gangarowa daga Jos ta Hawan Kibo birkin baya ya ɓace ɗungurungum, bayan na huta ya dawo. Iska ce?

Tafasa ce. Ka ɗora ƙafa a kan feda tsawon gangaren, zafi ya shiga kalifa, ruwan da tsohon mai ya sha ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa kamar iska. Da ya huce ya koma ruwa, feda ta dawo. Dawowar ba lafiya ba ce. Canja man gaba ɗaya, ka duba ko birkin yana ɗan riƙewa, ka duba ko tiyo ko masta sun matsi salansa, musamman in an canja salansar ko an cire garkuwar zafi. A gangare kuma a sauko da giya, inji ya riƙe babur.

Feda kamar dutse, amma babur ba ya tsayawa.

Duba fad. In fuskarsa tana ƙyalli kamar gilashi, ya ƙone, a goge da samfefa a kan wuri mai daidai ko a canja. In mai ya jiƙa shi, na birki ko na sarƙa, a zubar, wanki ba ya fitar da shi. In naman da ya rage bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, ya gama aiki. Faifai ma yana da iyaka, an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa. In feda tana harbin ƙafarka a kai a kai, faifai ya karkace ko boris ɗin taya ya yi wasa.

Na cire iska a baya sarai, ashe wai fedata tana kama gaba ma?

Akwai irinsu. Moto Guzzi ta fara haka da 850 T3 a 1975: feda tana kama baya da faifan gaba na hagu. Gold Wing daga 1983 fedarta tana kama baya da kalifa ɗaya ta gaba. Honda CBR1100XX da VFR800 na ƙarshen shekarun 1990 nasu ya fi haka sarƙaƙiya, da nipul da yawa da tsarin da ake bi ɗaya bayan ɗaya. A irin waɗannan, iskar da ke sa fedar baya laushi tana iya kasancewa can gaba. Nemi littafin babur ɗin. Haka masu ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, wanda BMW ta fara sa wa K100 a 1988: kada a bari kofinsu ya ƙafe, domin fitar da iska daga akwatin ABS wani aiki ne daban.

Mu masu duram fa?

Naku gyaran noti ne. Juya notin ƙarshen sanda har feda ta sami wasa na milimita 20 zuwa 30 kafin ta kama, sannan ka juya taya ka tabbata ba ta gogawa. Duk lokacin da aka ja sarƙa, taya ta matsa baya, sai an sake wannan gyaran. 'Yan acaɓa da yawa sun san haka, masu babur na gida ne suke mantawa.

In noti ya kai ƙarshen zare birki bai kama ba, shu, wato abin da ke gogar duram ta ciki, ya cinye. Akwai dabarar da ake yi a bakin titi, a zare hannun da ke jikin duram a matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu don a samu ƙarin zare. Kada ka yarda a yi maka. Ƙarfen da ke buɗe shu yana iya juyawa ya wuce iyaka ya tsaya a gicciye, taya ta kulle ba ta saki. Shu bai kai kuɗin jinya ba. Feda da ba ta dawowa kuwa, yawanci ƙarfen nan ne ya bushe a raminsa, a zare a goge a shafa giris ɗan kaɗan yadda ba zai kai ga shu ba. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye a canja masa shu ko da da kauri, domin gam ɗin da ya riƙe naman yakan saki. Ƙurar cikin tsohon duram kuma kada a hure ta da baki ko da iska, tsofaffin shu da yawa da asbestos aka yi su, ƙurarsa tana cutar da huhu. Jiƙaƙƙen tsumma ake sawa. Kafin ka tashi, taɓa notin ƙarfen da ya riƙe murfin duram kada ya juya, ka tabbata fil ɗin da ke kulle shi yana nan.

Na gama. Yaya zan san aikin ya yi?

Tattaka feda har fad ya zauna a kan faifai, musamman in ka tura fistin baya. Cika kofi zuwa layin sama, kada ka wuce, ka mayar da robar murfi yadda take. Danne feda da ƙarfi na rabin minti, kada ta motsa. Ɗaga tayar baya ka juya: ta kama in an taka, ta saki nan take in an ɗaga ƙafa. Duba fitilar birki tana kamawa tana mutuwa. Wanke duk inda mai ya taɓa, har taya da faifai.

Sai ka tura babur da ƙafa ka taka, sannan ka hau ka zaga layinku a giya ta ɗaya. Bayan nan yi tafiyar kamar kilomita biyu ba tare da ka taɓa birkin baya ba, ka tsaya da na gaba, ka kai bayan hannu kusa da faifai. In da ɗumi kaɗan, ba komai. In zafi ya buge ka, yana riƙewa, koma kan ƙaramin ramin nan da wasan feda. Washegari kafin ka fita, leƙa ƙarƙashin kalifa da masta ko akwai ɗigo a ƙasa.